Odar Jirgin Baban Katung

Shekara goma sha tara na yi ina kallon yatsan Katung ta cikin gilashi. Ni ina zaune gaban makirufo da takardun labarai, shi yana ɗaya ɓangaren gaban na'urorinsa. Sai ya ɗaga yatsan nan sama, ya riƙe, ya sake shi, sannan in buɗe baki in yi wa masu sauraro sallama. In bai sake shi ba, ko gobara ake yi ba ni da ikon cewa uffan. Shi ne injiniyan sauti a sashen Hausa na gidan rediyon da muka yi wa aiki a Washington, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam da ya tsani hayaniya kamarsa ba. Ƙarar takarda, kukan kujera, tarin wani a bayan ɗaki, duk abokan gabansa ne.

"Malam Abdulmumin, numfashinka ya yi yawa yau," zai ce mini.

"To Injiniya, in daina ne?"

"A'a, ci gaba. Zan yanke."

Kuma yankewar yake yi, ɗaya bayan ɗaya, har in ji kaina a rediyo kamar mutumin da ba shi da huhu.

Ran nan aka aiko mana da saƙo cewa kowa ya zauna a gida, an sallame mu daga aiki. Na ɗauka zan yi fushi, don ni mutum ne mai saurin hawa, amma ko fushin bai zo ba. Na tattara kofina da dardumata na fito. Bayan wata biyu na fara ɗaukar fasinja da motata tsakanin Alexandria da filin jirgin sama. Katung kuwa ya koma gidansa a Manassas, ya sauka ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan, ya zauna da jiragensa.

Jiragen wasa nake nufi, kada wani ya ɗauka attajiri ne. 'Yan ƙananan jiragen ƙasa ne, kan jirgi ɗaya bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, suna zagaye a kan wani teburi da ya cinye rabin ɗakin. Na daɗe ina yi masa tsiya a kan wannan. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, da furfura, da hawan jini, ya duƙa yana busa ƙura daga kan tarago! Bai taɓa kare kansa ba. Sai dai ya ce in matsa, na tare masa haske.

Ɗan Kafanchan ne, a kwatas ɗin reluwe aka haife shi. Ubansa direban jirgi ne, shekara talatin yana jan kaya da fasinja. A kwatas ɗin nan kowane gida da yarensa, Hausa ce ta haɗa su, ita yara suka tashi da ita. Ya taɓa ba ni labarin cewa direbobin zamanin kowa da irin odarsa idan ya doso gida. Ta babansa doguwa ɗaya ce, gajeru biyu, sai wata 'yar ƙarama a ƙarshe kamar mai gyaran murya. Tun daga kwanar bayan gada yake yin ta. Da uwarsu ta ji, ko me take yi za ta ajiye, ta ɗora ruwan wanka, don daga odar zuwa shigowarsa gida minti arba'in ne, daidai ruwa ya yi zafi a sirka shi. Uban ya rasu a 1996. Uwar, wadda duk muke kira Mama, Katung ya ɗauko ta zuwa Amurka shekara goma sha biyu da suka wuce.

Yadda ya shiga harkar jiragen ba wani abin labari ba ne. 'Yarsa Debbie tana ƙarama ya saya mata wani tsohon saiti a gwanjon ƙofar gida, ta yi wasa da shi kwana uku ta watsar. Shi bai watsar ba. Daga nan ya faɗa cikin wata ƙungiya ta tsofaffin Turawa da ke haɗuwa a zauren wani coci ranar Asabar. Da suka gano mutumin nan ya iya liƙa waya da dalma ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, shi ke nan, suka sakar masa kayansu.

Ya yi mini bayanin aikin sau ya fi goma, ga abin da ya zauna a kaina. A tsohon yayi, wuta kake saka wa dogo, duk jirgin da ke kai ya tashi tare da 'yan'uwansa, kuma bebe ne, sai ƙugin mota. A sabon yayi, ana buɗe cikin kan jirgin a dasa masa wata 'yar na'ura da suke kira dikoda, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ita ke ba kowane jirgi lambarsa, ka kira wanda kake so ya amsa, sauran su yi zamansu. A cikinta ake zuba sauti: tashin inji, birki, ƙararrawa, oda. Sai a nemo wa lasifika wuri, ita kuma girmanta kamar ƙwayar magi. A hannunka akwai abin sarrafawa mai maɓallai har ashirin da takwas. Na biyu shi ne na oda, nan babban yatsa yake sauka ko ba ka duba ba. Katung na buɗe tsofaffin jiragen da suka girme wa Debbie, ya goge ƙarfen ciki da zarto har wuri ya samu, ya raba injin da gangar jiki, ya ja wayoyi takwas sirara, ya rufe. Jirgin da ya yi shekara arba'in bai ce komai ba sai ka ji ya yi tari ya tashi. Tsofaffin nan har hawaye suke yi. Shi kuwa sai ya karkata kai ya ce akwai tsuwa kaɗan a lasifikar, a bar masa shi zuwa mako mai zuwa.

Mama kuma a sama take, tana ta yin nisa. Mantuwar tsufa ce ta kama ta. Ta fara da manta inda ta ajiye ɗankwali, ta zo ta manta Debbie, ta zo ta manta sunan abinci. Daga baya magana ta ɗauke gaba ɗaya. Ba ciwo take ji ba, ba ta kuka, ba ta rigima. A zaunar da ita a kujerar kicin ta zauna, a ba ta ta ci, a tashe ta ta tashi. Irene, matar Katung, nas ce, ita ta cire duk makunnan murhu ta ɓoye a aljihun tebur saboda tsaro. Lokacin da aka sallame mu daga aiki, Mama ta yi wata goma sha huɗu ba ta kira sunan ɗanta ba. Shi ya faɗa mini adadin, muna tsaye a wurin ajiye motoci, da irin muryar da yake faɗin saura minti nawa a shiga labarai.

"Ba wai ina so ta warke ba ne," ya ce. "Na san ba za ta warke ba. Sunana kawai nake so in ji. Sau ɗaya."

Na ce Allah ya sawwaƙe, ya ce amin.

Manassas gari ne na dogo, jirage na wucewa safe da yamma suna oda, har tagogi na amsawa. Mama ko gezau. Katung ya ce dole ne, ai ba muryar da ta sani ba ce. Sai ya tuna da kasat.

A 1987, yana sabon ma'aikaci a wani gidan rediyo a Kaduna, ya ari rikoda ya bi babansa tafiya guda, yana zaune kusa da shi a cikin kan jirgi. Ya ɗauki komai, har odar kwanar bayan gada. Kasat ɗin ya biyo shi Amurka a cikin akwatin takardu. Da ya ɗauko shi tef ɗin ya tsinke wuri biyu, ya ɗinke. Ya sayi wani kan jirgi na Amurka mai kama da na babansa, don ba wanda ke ƙera irin namu, ya yi ta gogewa yana liƙawa har fuskar ta koma yadda ya tuna, ya shafa masa kore da ratsin rawaya. Lambar jirgin uban ya ba shi.

Wata uku ya yi a kai. Dikodar farko ta ƙone, wata waya ta taɓa gangar jiki, na tarar da ɗakin yana warin ƙonannen roba, shi yana zaune yana kallon abin. Bai yi tsaki ba ma. Ya aika a kawo masa wata, ya jira ta iso. Amma inda ya fi ɓata lokaci shi ne wankin sautin. Kasat ɗin cike yake da tarkace: iska, ƙugin inji, shuuu ɗin tsohon tef, wani kare can nesa, amsa-kuwwar tsauni. Katung ya sa abin jinsa a kunne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, kamar yadda yake yi wa numfashina. Mako uku. Da ya kunna mini abin da ya rage, wallahi tsigar jikina ta tashi. Oda ce tsaf, kai ka ce kana zaune a kan cinyar direba.

Wata Lahadi bayan sun dawo daga coci aka yi gwajin. Ya gayyace ni, ban san dalili ba, wataƙila ya saba ne in ina wurin idan zai saki yatsa. Shi da Irene suka riƙo Mama suka sauko da ita matakala goma sha uku, a hankali, ta sa zanen da ta je coci da shi. Aka zaunar da ita dab da teburin. Debbie ta zo daga makaranta musamman, ta ɗaga waya tana ɗauka. Jirgin ya yi tari, ya tashi, ya zagayo kwana. Katung ya danna. Doguwa ɗaya, gajeru biyu, 'yar ƙarama.

Mama na kallon bututun ruwan zafi da ke jikin bango. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ya bari jirgin ya sake zagayowa, ya danna. Ya ƙara murya, ya danna karo na uku. Debbie ta ce wani abu da Turanci, wai a gwada matso da kujerar. Irene ta dafa ta, Debbie ta sauke wayar.

"To," in ji Katung. Ya kashe wuta.

Muka hau sama muka ci faten acca. Na yi ta zuba surutu a kan cunkoson hanya don kada shirun ya kashe mu, shi kuwa ya cinye kwanonsa tas ya ƙara. Da zan tafi ya raka ni mota, ya ce yana jin lasifikar ce, akwai 'yar rawa a ƙarshen doguwar. Haushi ya kama ni, na ce masa, "Injiniya, don Allah ka bar abin nan haka. Ba lasifika ba ce." Ya ce ya sani. Ya ce duk da haka akwai rawar.

Ranar Alhamis na sauke fasinja a kusa da unguwarsu wajen ƙarfe huɗu na yamma, na ce bari in leƙa. Irene na asibiti, Debbie ta koma makaranta. Ya ce na zo a daidai, in zauna da Mama a kicin minti goma, zai sauka ya gwada sabon akwatin da ya yi wa lasifikar. Ya sauka ya ja ƙofa ya rufe, don kada ya dame ta.

Na gaishe ta kamar kullum, "Mama, ina wuni, ya jiki?" Ban jira amsa ba. Na zauna ina latsa waya. Tagar kicin a buɗe take, wani na yankan ciyawa can ƙasan layi, firji na ƙugi. Sai odar ta taso ta ramin ɗumama ɗaki da ke ƙasan bango. Da ƙyar na ji ta. Ta biyo bututu, ta ratso katako, ta dusashe, ta cakuɗe da injin ciyawa, kamar abin da ke zuwa daga bayan gari.

Mama ta ɗaga kai.

Ta dafa teburi ta miƙe da kanta, matar da sai an ɗaga ta. Ta gyara ɗaurin zaninta. Ta buɗe kabad ɗin ƙasa ta jawo babbar tukunyar da Irene ke dafa shinkafar biki, ta tara a famfo, ta ɗauka da hannu biyu ta ɗora a kan murhu. Sai ta shiga laluben ashana. Ni dai ina zaune, wayata a hannu.

Ta juya wajen ƙofar ɗakin ƙasa ta ɗaga murya, murya ce a shaƙe amma kowace kalma ta fita.

"Katung! Kai Katung! Kawo bokiti, babanku ya iso."

Na ji takunsa a matakala, bai yi gudu ba. Ya buɗe ƙofa ya tsaya, abin sarrafawar na hannunsa. Ya dube ta, ya dubi tukunyar, ya dubi ramin da ke ƙasan bango. A nan na ga ya gane, ni ma a nan na gane. Mama ba ta taɓa shiga kan jirgi ba. Shekara talatin daga madafi take jin odar nan, daga nesa, ta bayan gidajen mutane da karnukansu. Duk abin da ya yi mako uku yana wankewa, shi ne abin da ta sani. Mu 'yan rediyo mun ɗauka kusanci da tsabta su ne sauti.

"Tsayuwar me kake yi?" ta ce. "Sai ya shigo?"

"Ga shi nan, Mama."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makunni ɗaya ya kunna mata murhu. Gidan ba bokitin wanka, wa ke wanka da bokiti a Manassas? Ya sauka ya juye wayoyin da ke cikin wani farin bokitin fenti, ya ɗauraye, ya kawo. Ruwa ya yi zafi, ta sa ya juye, ta sirka da na sanyi, ta tsoma gwiwar hannu ta gwada. Ta ce ya kai bayan gida. Ya ɗauka ya fita ta ƙofar baya ya ajiye a kan dandamalin katako, kusa da abin gasa nama. Ita kuma ta ja kujerarta zuwa ƙofar gaba, ta zauna tana fuskantar ta, hannuwa a kan cinya.

Minti arba'in suka wuce. Ta ce, "Ko sun tsayar da shi a tasha ne?" Katung ya ce wataƙila. Aka yi awa ɗaya. Wata mota ta tsaya a maƙwabta, ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. Ta ce ya je ya duba ruwan kada ya huce, ya je ya duba. Ta ce ya leƙa tasha ya tambaya, ya ce to, ya fita ya tsaya a bakin titi minti biyar ya dawo ya ce sun ce yana hanya. Sau bakwai ta kira sunansa a yammacin nan. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, na san dai shi ma yana ƙirgawa.

Wajen ƙarfe shida da rabi ta fara kuka, ba sauti, hawaye kawai. Ta ce bai taɓa yin oda ya ƙi shigowa ba, wani abu ya same shi. Irene ta dawo ta tarar da mu haka. Ta dubi tukunya, ta dubi mijinta, ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwar. Kafin magariba ta yi, fuskar Mama ta koma yadda take, ta bar kallon ƙofa ta koma kallon bango. Aka ba ta abinci ta ci. Na yi sallata a falo, na fito na tarar da Katung a baya yana zubar da ruwan a kan ciyawa, a hankali, kada ya fallatsa.

Na tambaye shi yaya ya ji. Tambayar banza ce, amma aikina ke nan shekara da shekaru.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Ta ce in kawo bokiti, na kawo."

Wata biyar ke nan yanzu. Mama na nan a kujerarta, ba ta sake cewa komai ba. Katung na nan yana buɗe cikin jiragen tsofaffin Turawa, ni ina nan ina kai mutane filin jirgi. Na daina yi masa tsiyar wasan yara, ba don na fahimci abin ba, bakina ne ya mutu.

Makon jiya na sauka na same shi yana zagaya da koren jirgin. Inji na ƙugi, birki na kuka, ya zo kwana ya wuce shiru. Na ga babban yatsansa ya sauka a kan maɓalli na biyu, kamar yadda ya saba, ba abin da ya fito.

"Ka goge ta ne?" na ce.

"Ban goge ba. Na mayar da ita na ashirin da takwas. Sai ka danna uku kafin ka kai can, hannu ba ya zuwa da kuskure."

Irene ta ce masa ya goge, ya faɗa mini, Debbie kuma ta ce ya riƙa kunnawa kullum, ai magani ne. Bai bi ko ɗaya ba. Na tambaye shi to ajiyar me yake yi. Jirgin ya sake zagayowa, ya bi shi da ido har ya shige ƙarƙashin gadar da ya yi da kwali. A samanmu ana jin ƙafar kujerar kicin, Irene na gyara wa Mama zama.

"Akwai ranar da zan so in sake jin sunana, Malam Abdulmumin," ya ce. "Na san inda yake. Amma ita ce za ta zauna a bakin ƙofa."